Daga Ciyawar Awaki Zuwa Ƙwayar Asibiti: Tarihin Neman Maganin Ciwon Sukari a Jikin Tsirrai

Duk wanda likita ya taɓa rubuta wa magani saboda ciwon sukari, da wuya a ce bai haɗu da wata farar ƙwaya mai suna metfomin ba. Ita ake fara ba mafi yawan masu nau'i na biyu na wannan ciwo, kuma tana cikin jerin magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba. Masu tallar maganin gargajiya da suka san labarinta kan kafa hujja da ita, su ce ai ƙwayar nan ma daga ganye aka samo ta, to me zai hana a koma wa ganyen kai tsaye? Rabin maganarsu gaskiya ne, domin asalin metfomin yana komawa ga wata ciyawa ta ƙasashen Turai. Sai dai tsakanin ciyawar da ƙwayar akwai tafiyar sama da shekara arba'in, kuma a kan hanya aka yar da ainihin sinadarin da ke cikin ciyawar saboda dafinsa. Wanda ya bi tarihin wannan nema daga farko zai ga tsirrai sun ba da gudummawa ta gaske, amma ba a taɓa sanin wanne ne mai amfani, wanne ne mai kisa, wanne ne kuma ruwan ɗaci kawai ba, sai da aka iya auna sukarin da ke cikin jikin mutum. Awo ne ya raba su, kuma har gobe shi ne abin da wannan sana'a ta fi ƙarancinsa.

Ciwon tsoho ne. Wata takardar likitanci ta Masar da aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa ta kawo haɗe-haɗen itatuwa don mai yawan fitsari. Likitocin Indiya na da sun sa masa suna mai ma'anar fitsarin zuma, saboda sun lura kiyashi yana taruwa a inda mai ciwon ya tsuguna. Aretaeus, likitan Girka na ƙarni na biyu, ya kwatanta shi da narkewar naman jiki yana fita ta mafitsara. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayaninsa a littafinsa Alƙanun, kuma masana tarihin likitanci sun ruwaito cewa cikin abin da yake haɗa wa masu shi har da hulba. Dukkansu masu kaifin lura ne, amma abin da ido ke gani kaɗai suke da shi: ƙishirwa marar yankewa, fitsari dare da rana, da rama. Tun daga zamanin likita Galen aka ɗauka laifin ƙoda ne, saboda haka aka yi ta ba ƙoda magani ƙarni bayan ƙarni. Idan ƙishirwa ta lafa a ce magani ya ci, idan mutum ya mutu a ce kwana ne ya ƙare.

Sauyin ya faro ne daga wani aiki marar daɗin ji. A 1674 Thomas Willis a Ingila ya rubuta cewa fitsarin masu ciwon yana da zaƙi, wanda ke nuna sai da aka ɗanɗana. A 1776 Matthew Dobson na birnin Liverpool ya ƙafar da fitsarin wani majinyaci, sai ya bar wani gari mai kama da mazarƙwaila a ido da baki, ya kuma gano jinin mutumin ma yana da zaƙi. Wannan ya fid da ƙoda daga zargi, ya nuna ta'adin yana cikin jini tun kafin ya iso gare ta. Zuwa tsakiyar ƙarni na 19 an sami ruwan gwaji na Fehling, wanda launinsa ke juyewa idan akwai sukari, sai ya zama likita zai iya ba da magani yau ya auna gobe. Da aka fara aunawa, magunguna da yawa masu suna suka ji kunya. Likitocin Turai sun daɗe suna ba masu ciwon ofiyom, wanda ke kashe jin yunwa da raɗaɗi har mutum ya ɗauka sauƙi ya samu. Ƙwallon jambul da aka riƙa kawowa daga Indiya ya yi tashe a ƙarshen ƙarnin, sannan tashensa ya wuce. A 1889 Minkowski da von Mering a Strasbourg suka cire wa kare fankiriyas, wata tsoka da ke kwance a bayan tumbi, sai karen ya kamu da ciwon sukari. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Toronto, inda Banting da Best suka tatso insulin daga fankiriyas a 1921, aka kuma yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, allurarsa a watan Janairun 1922. Kafin wannan rana, yaron da ya kamu da nau'i na ɗaya ba ya wuce shekara ɗaya ko biyu a duniya, duk da saiwoyi da sassaƙen da aka tara cikin shekara dubu uku. Abin da ya cece su daga jikin dabba ya fito.

Ciyawar da ta haifi metfomin sunanta Galega a wurin masana tsirrai. Makiyayan Turai sun san ta da ƙara wa awaki da shanu nono, masu magani kuma sun yi ta ba da ita don annoba, tsutsar ciki da saran maciji, wato irin jerin nan da muka saba ji daga bakin mai lasifika a tasha. Yawan fitsari da ƙishirwa ɗaya ne kawai daga cikin abubuwan da aka jingina mata. A 1914 wani Bafaranshe mai haɗa magunguna, Georges Tanret, ya ware sinadarin da ke cikinta, aka sa masa suna galejin, ɗan gidan wani sinadari da ake kira guwanidin. A 1918 Watanabe, yana aiki a Amurka, ya nuna guwanidin yana saukar da sukarin jinin zomo. Matsalar ita ce guwanidin guba ne, galejin ma bai tsira daga wannan aibi ba. Ita kanta ciyawar tana kashe tumaki idan suka ci da yawa. An kai ta jihar Utah ta Amurka a 1891 da niyyar ta zama abincin dabbobi, yau tana cikin jerin miyagun ciyayin da gwamnatin ƙasar ke yaƙa. A 1926 likitoci a Breslau suka fito da wani ɗan'uwan guwanidin da aka ƙera a ɗakin gwaji, aka sayar da shi da sunan Synthalin. Yana saukar da sukari, babu musu, amma yana cin hanta da ƙoda, dole aka janye shi. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Abin mamaki, metfomin tana nan ajiye tun 1922, shekarar da Emil Werner da James Bell suka haɗa ta a Dublin ba tare da ciwon sukari a ransu ba. A 1929 masana a Jamus suka gwada ta a kan zomaye, suka ga tana saukar da sukari kuma ba ta da dafin 'yan'uwanta, amma a lokacin hankalin duniya yana kan insulin, Synthalin kuma ya ɓata wa dangin duka suna. Sai wajen 1950 wani likita a Filifin, Eusebio Garcia, ya ba masu mura ita, ya kuma ambata cewa tana taɓa sukarin jini. Wannan ambato ne ya kai ga Jean Sterne a Faris, wanda ya gwada ta a kan masu ciwon sukari, yana ƙara adadi yana aunawa, ya buga sakamakonsa a 1957, aka sa mata sunan kasuwa Glucophage, wato maciyar sukari. Ko a nan ba ta huta ba. Wata 'yar'uwarta, fenfomin, ta fi ta ƙarfi kuma ta fi ta kasuwa, har sai da aka gano tana tara wani sinadari mai tsami a jini yana kashe mutane, Amurka ta haramta ta a 1977. Zargin ya shafi metfomin, shi ya sa ba ta shiga kasuwar Amurka ba sai 1995. Hujjar da ta ɗora ta a kan gaba ta zo a 1998, lokacin da wani babban bincike na Birtaniya, wanda ya bi dubban majinyata shekara da shekaru, ya nuna masu ƙiba da ke shan ta sun fi tsira daga bugun zuciya da mutuwa. Ciyawar ta nuna ƙofa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma babu ko ɗigon metfomin a cikin ganyenta.

Labarin ɓawon tuffa ya fi wannan karkacewa. A 1835 aka ciro wani sinadari mai ɗaci daga ɓawon saiwar itacen tuffa, aka kira shi filorizin, aka yi zaton zai yi maganin zazzaɓi kamar kwinin. A 1886 von Mering, wanda aka ambata a sama, ya ga yana sa kare fitsarin sukari, sai aka ɗauke shi a matsayin abin da ke jawo ciwon. Sai daga baya aka fahimci cewa ƙoda yake hanawa mayar da sukari cikin jini, don haka sukarin ke bin fitsari ya fita, na jini kuma ya sauka. Shi kansa filorizin bai yi magani ba, saboda hanji yana lalata shi kuma yana sa gudawa. An gyara ƙirarsa, aka sami dangin magungunan da na farkonsu ya sami izini a Tarayyar Turai a 2012, waɗanda yanzu ake ba masu ciwon zuciya da na ƙoda ma. Da da ido kaɗai za a yi hukunci, da an ce wannan magani ƙara ciwon yake yi, tunda kiyashi zai fi taruwa a fitsarin mai shan sa.

Akwai kuma inda aka fita neman abu ɗaya aka dawo da wani. Furen nan na Madagaska mai launin hoda ko fari, wanda ake shukawa don ado a ƙofar gidaje da ofisoshi har a garuruwanmu, mutanen Jamaika sun daɗe suna shan shayin ganyensa don ciwon sukari. A 1952 aka aiko wa Clark Noble a Kanada da wasu ganyayensa. (Shi ne ɗalibin da suka jefa kwabo da Best don a fid da wanda zai fara taya Banting aiki, kwabon ya faɗa wa Best.) Ya miƙa wa ɗan'uwansa Robert Noble na Jami'ar Yammacin Ontario. Da aka ba dabbobi ruwan ganyen ta baki, sukarinsu bai motsa ba. Da aka yi wa ɓeraye allurarsa, sai fararen ƙwayoyin jininsu suka zube, cuta ta kashe su. Noble da Charles Beer suka bi wannan sawu, a 1958 suka ware binbilastin, kamfanin Eli Lilly kuma ya fid da binkiristin daga furen, wanda yana cikin magungunan da suka sa kansar jini ta yara ta zama abin da ake warkewa. Mutanen Jamaika sun yi daidai da suka ce ganyen yana da ƙarfi, sun yi kuskure a kan ciwon da ƙarfin ya dace da shi, kuma babu yadda za su gane haka daga kofin shayi.

Ko saukar da sukarin ma bai isa shaida ba. Itacen aki, wanda Yarbawa ke kira ishin, ɗan asalin Afirka ta Yamma ne da aka kai Jamaika a ƙarni na 18. Ɗanyen ɗansa da bai buɗe da kansa ba yana ɗauke da wani sinadari da aka ware a 1954, wanda ke toshe hanyar da hanta ke samar wa jiki sukari. Yana saukar da sukarin jini fiye da duk wani ganye da ake talla, har ya kai mutum ga amai, farfaɗiya da suma. A 1998 yara 29 suka mutu a kudu maso yammacin Burkina Faso, bincike ya danganta mutuwarsu da cin ɗanyen aki. Guba da yawa suna saukar da sukari, saboda hantar da ta lalace ba ta iya fitar da shi.

A ƙasar Hausa, sunan ciwon kansa aro ne, sukari daga Larabci, suga daga Turanci. Amma tunanin da aka tarbe shi da shi namu ne na gida. Tun da can ungozoma da tsofaffi suna ba mai ciki jiƙe-jiƙe masu ɗaci don su wanke mata zaƙi, domin an yarda taruwar zaƙi a jiki yana kawo wahalar naƙuda. Da asibiti ya zo da labarin ciwon da zaƙi ke taruwa a jini, sai aka ɗora shi a kan wannan tsohon ma'auni, cewa ɗaci ne makarin zaƙi. Dubi abubuwan da aka fi ambata: shuwaka, garahuni, ganyen darbejiya, sassaƙen maɗaci, duk masu ɗaci ne, sai zogale da hulba da suka shigo ta wata ƙofar. Harshe ne ke jin ɗaci, fankiriyas ba ta da labari. Wannan bai nuna tsirran ba su da komai ba, domin ɗaci sau da yawa alama ce ta sinadarai masu aiki a jiki, sai dai aikin yana iya zama kowane iri. Sunayensu da amfaninsu an fara tattara su a rubuce tun 1916, lokacin da likita J. M. Dalziel ya buga ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa. A duniya baki ɗaya, wani nazari na 1995 ya ƙirga tsirrai sama da 1,200 da aka ce suna maganin wannan ciwo. Jami'o'inmu kuma sun cika kantoci da kundayen bincike masu fasali ɗaya: a yi wa ɓeraye allurar alokzan ta kashe musu ƙwayoyin da ke yin insulin, a ɗura musu ruwan ganye na 'yan makonni, a auna, a ce sukari ya sauka, a karɓi digiri. Aikin ba banza ba ne, amma matakin zomayen Watanabe ne na 1918.

Mai kare gargajiya zai ce kaka da kakanni sun sha waɗannan itatuwa ɗaruruwan shekaru, wannan ma ai gwaji ne, kuma da ba sa aiki da an bar su. Hujja ce mai nauyi a wasu cututtuka. Ɓawon sinkona ya ba da kwinin a 1820, ɗan'uwan tazargade na ƙasar Sin ya ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da ya kai Tu Youyou ga kyautar Nobel a 2015, domin zazzaɓi abu ne da ake gani ya zo, a ga ya tafi. Ciwon sukari nau'i na biyu ba haka yake ba. Ƙoda ba ta fara zubar da sukari a fitsari sai ya haura kimanin miligiram 180 a kowane desilita na jini. Mutum zai iya saukowa ƙasa da haka kaɗan, ƙishirwa ta tafi, fitsarin dare ya ragu, ya rantse ya warke, alhali ciwon yana cin idonsa, ƙodarsa da jijiyoyin ƙafarsa a ɓoye, sai bayan shekara goma abin ya bayyana, lokacin da babu mai tuna jiƙon da aka sha. Ga shi kuma mai magani yakan haɗa da sharaɗi: a bar lemon kwalba, a rage tuwo da shinkafa, a daina shayi da sukari. Duk wanda ya kiyaye wannan zai ga sauƙi ko da ruwan randa ya sha, amma yabon sai ya tafi ga garin magani.

Wani kuma zai ce kamfanonin Turawa suna kwashe ilmin mutane su yi dukiya, sannan su dawo su raina mai ilmin. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. An sami kuɗi masu yawa daga furen Madagaska, kuma ba a san wani kaso da ya koma ga mutanen Madagaska ko na Jamaika ba. Irin wannan ƙorafi ne ya kai ga yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta ce a raba amfani da al'ummar da aka ɗauki tsiro ko ilmi daga wurinta. Haka nan tsadar insulin abin kunya ne, ganin waɗanda suka gano shi sun sayar wa Jami'ar Toronto haƙƙinsa a kan dala ɗaya kowannensu. Amma wannan rigima ce ta rabon riba, ba ta taɓa tambayar ko magani yana aiki ba. Metfomin ta daɗe da fita daga hannun kamfani ɗaya, kuma tana cikin mafi arahar magungunan ciwon. Sannan rashin amana ba ɓangare ɗaya yake ba. A shekarar 2000 hukumomin lafiya a jihar Kalifoniya suka gwada wasu magungunan ciwon sukari guda biyar da ake sayarwa da sunan zallar ganye ne daga Sin, suka tarar an cusa musu gilibenkilamid, ƙwayar asibiti mai ƙarfi, da fenfomin ɗin nan da aka haramta tun 1977. Masu shan su sun ga sukari ya sauka, sun kuma yi wa ganye godiya.

Hujjar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce ta masu cewa ƙarfin tsiro yana cikin haɗuwar sinadaransa, idan aka ware ɗaya an kashe sirrin. Wannan mai yiwuwa ne, kuma babu abin da ya wajabta sai an ware kafin a gwada. Ana iya gwada ganye sukutum, muddin abin da aka ba mutum na farko shi aka ba na ɗari, wanda ba ƙaramin aiki ba ne tunda zogalen damina da na rani, ko na fadama da na tudu, ba lalle ƙarfinsu ya zo ɗaya ba. Akwai kuma ma'aunin da ba ya jin rantsuwa: tun 1968 Samuel Rahbar, masani ɗan Iran, ya gano sukari yana manne wa jan jini, kuma daga nan aka sami gwajin da ke nuna matsakaicin sukarin mutum na wata biyu zuwa uku. Da aka ɗora tsirrai a kan wannan sikeli, sakamakon ya zo a gauraye. A 2012 masu tace bincike na ƙungiyar Cochrane suka duba gwaje-gwajen da aka yi wa kirfa da ɗan'uwan garahuni na Asiya, suka ce hujjar ba ta kai a ba da shawarar shan su ba. Hulba ta nuna ɗan tasiri a gwaje-gwaje da dama, ko da yake yawancinsu ƙanana ne. Na zogale a kan mutane kaɗan ne, gajeru, kuma sun saɓa wa juna. A ƙasar Sin kuwa an ɗauki rassan itacen da tsutsar siliki ke cin ganyensa, wanda likitocinsu na gargajiya suka daɗe da sani, aka tace rukunin sinadaransa da ke rage saurin narkewar sitaci a hanji, aka daidaita adadinsu a kowace ƙwaya. An raba ɗaruruwan majinyata gida biyu, wasu suna shan wannan, wasu suna shan ƙwayar asibiti mai suna akabos, na kusan wata shida, ba mai shan da ya san wanne aka ba shi. Saukar sukarin ta zo kusan ɗaya, kumburin ciki kuma ya fi sauƙi a wurin masu shan na itacen. Hukumar magunguna ta ƙasar ta ba shi izini a 2020.